Ranar da Yaya Ummaru Ya Jiƙa Irin Shuka

Shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar yayana Malam Ummaru, wanda ya koyar da kimiyya a wata sakandare a Isa. Allah Ya jiƙansa. Bana da ruwa ya ɗauke mana a Sabon Birni, gero ya tsaya iya gwiwa, sai na yi ta tuna shi. Abin mamaki kuma, dariya nake yi.

Mutum ne da ba ya cin abinci shiru. Ka ba shi tuwo, sai ya riƙe loma ya ce a cikin yawunka akwai ƙananan ma'aikata, enzayim yake ce musu, su ke farfasa tuwo ya koma sukari, ya shiga jini, jiki ya ƙona shi ya sami ƙarfi. Innarmu kan ce, "Ummaru, ci ka tashi, boko bai hana miya hucewa."

A babban farin da aka yi muna zaune a ƙauyen Tozai, nono ya ƙafe mini, dole na yaye ɗiyata Hadiza. Gudawa ta kama ta. Ta warke, amma ta rame har wuyanta ba ya ɗaukar kanta. In na dama kunu mai kauri, ba ta iya haɗiyewa. In na tsinka shi, ta cika ciki da ruwa, ba abinci. Yarinya tana ƙarewa a hannuna ina kallo.

Yaya ya zo ya dube ta. Ya shiga ɗakin Inna, ya ɓalle bakin tulun da ta liƙe da laka, inda ta ɓoye irin shuka, ya ɗebi tafi biyu ya jiƙa. A shekarar da mutane ke tonon gidan tururuwa neman ƙwaya! Inna ta fito da muciya a hannu.

"Mi kaka yi haka? Irin baɗi za ka ruɓar muna?"

"Inna, yi haƙuri," in ji shi. "In gona ta rasa tahi biyu, ni ka biya. In mun rasa Hadiza, wa ka biyan mu?"

Ya lulluɓe geron da jiƙaƙƙen buhu har ya fito da tsiro, ya shanya, ya murje saiwoyin, ni kuma na niƙa. Ya ce ƙwayar da ta fara tsira tana tada ma'aikatanta su narkar mata da abincin da ke cikinta, mu aronsu za mu yi. Inna, da ba ta son a fi ta a madafa, ta riga mu, ta watsa garin a tukunya tana tafasa. Kunu ko gezau. Ta kama ƙugu ta ce, "To, ga kimiyya nan." Yaya ya yi dariya har da hawaye, ya ce ta dafe ma'aikatan tun ba su kama aiki ba.

Aka sake. Na dama mai kaurin da ludayi ke tsayawa a ciki, aka bari ya ɗan huce, Yaya ya barbaɗa garin tsiron kaɗan ya juya. A kan idona kunun nan ya saki, ba a ƙara masa ko ɗigon ruwa ba, ga ɗan zaƙi. Aka mayar wuta ya tafasa, ya huce, Hadiza ta sha, ta sake miƙo baki. Ni kuka, Inna guɗa. Kafin kaka yarinya ta koma guje-guje.

Yau 'yan babur na shigo da garin yara na gwangwani, mata na rububinsa alhali ga gero a ɗaki. Da yana nan, na san sai ya tare su a bakin kasuwa ya ce rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami da yunwa, ya yi ta bayani har su gaji su gudu. Ni ma ina gudun bayaninsa a lokacin, yanzu kuwa kewarsa nake yi.

Bai bar shanu ba, bai bar gidan siminti ba. Amma alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Duk wanda ya tambaye ni me Ummaru ya bari, ba na doguwar magana. Aikawa nake yi a kira Hadiza, ta zo da 'ya'yanta da jikokinta, tsakar gida ta cika har a rasa tabarmar zama.