Inda Shamuwa Take Kwana da Rani

Duk wanda ya tambayi Baraka labarin mahaifinta, sai ta yi dariya kafin ta buɗe baki. Mu'azu manomin albasa ne a wani ƙauye kusa da Goronyo, a zamanin Nasara, kuma ɗaki bai taɓa riƙe shi ba. Da an sallame sallar asuba ya yi fadama. Ko tuwo a gindin tsamiya yake ci, yana kallon sama. Matarsa Mairo takan ce da rufin ɗaki na magana, da ya ce bai san maigidan ba.

Mutum ne mai tambaya. Zai tsuguna gaban ramin tururuwa har rana ta take, don ya ga inda suke kai hatsi. In Fulani suka sauka bakin gulbin Rima, ya je ya zauna da su yana tambayar sunan kowace ciyawa. Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne shamuwa. Tana zuwa da ruwan fari, ta yi sheƙa a tsamiyarsa, ta ƙyanƙyashe, da kaka kuma ta ɓace.

"Baraka, ina kika jin suka zuwa?"

"Baba, Inna ta ce Makka."

"Innarki ta bi su ta gani?"

Wata shekara, bayan an kai gero rumbu, ya ɗauki gora da sanda ya bi su kudu. Mairo ta yi faɗa har ta gaji. Sai tsakiyar rani ya komo, ya rame, ƙafafu duk faso, amma fuskarsa fal murna. Ya kai Yawuri, ya tsaya bakin Kwara, masu jirgi suka shaida masa tsuntsayen sun haye tun tuni, ko waiwaye ba su yi ba.

"To mi ka samu?" in ji Mairo.

"Na samu sanin ba nan kusa ba na."

Mutanen gari suka yi ta yi masa tsiya, shi ma yana taya su dariya.

Ya tsufa, Baraka ta yi aure a Wurno, sai aka gama yaƙin Turawa sojoji suka fara komowa. Cikinsu akwai Ƙasimu, ƙanen mijinta. Rannan yana ba da labarin wata ƙasa can gabas, inda aka sauke su kafin su shiga jirgin ruwa, ya ce ya ga shamuwa birjik suna bin fara. Baraka ta ajiye taɓarya, ta sa mayafi, ta matsa masa sai da ya raka ta Goronyo.

Suka iske tsohon a bakin gulbi. Ya saurari Ƙasimu bai katse shi ba, sannan tambayoyi suka ɓarke. Irin namu ne? Suna sheƙa a can? Mutanen ƙasar na jifar su?

"Baba, ban lura ba. Yaƙi muka tai."

"Kai! Allah ya kai ka har can, ba ka tambaya ba?"

Bayan damina biyu tsohon ya rasu, yana cikin ban ruwan albasa. Baraka takan ce a kwanakinsa na ƙarshe wata sabuwar damuwa ce ta kama shi: inda kifi yake shiga in tafki ya ƙafe.