Turmin Atamfar da Yaya Ya Warware a Adjamé

Asuba ta yi mana a tashar Legas, ni da wata ƙawata mai fataucin turare, muka kama hanyar Abidjan. Ba yawon shan iska ya kai ni ba. Yayana mai sayar da atamfa a unguwar Adjamé ta birnin ne ya kira ni in ja wa 'yarsa kunne, tunda ni ce gwaggo. Ta samu gurbin ƙaro karatu kan sararin samaniya a Afirka ta Kudu, shi kuma ya kafe: ba zai sa albarka a abin da bai iya bayyana wa mutanen masallaci ba. Ita ma ta ce in babu albarkarsa, ba inda za ta. Ga lokacin amsa gurbin ya kusa wucewa.

Hanya lafiya lau, in ka cire iyakoki. Kowacce a sauko, a zazzage jaka, a koma. Daga garin Bassam teku da bishiyoyin kwakwa suka raka mu har tashar motar Gare de Bassam a unguwar Treichville, ƙafafuna sun kumbura suntum. Nan yarinyar ta tarbe mu da "Tanti, sannu da hanya," Hausarta na ɗingishi, rabi duk Faransanci. Ta saya mana garba, wato acheke, dambun rogonsu, da soyayyen kifi, ga arha ga ƙoshi. Ƙawata tana sharɓe hanci tana rantsuwa babu yaji.

A cunkoson mahaɗar Indénié, muna matse cikin gbaka, ƙaramar bas ɗinsu, ta nuna mini hoto a waya: zobe ja, tsakiyarsa baƙi ƙirin. Baƙin rami ne, in ji ta, ko haske ya faɗa ba ya fitowa. Ta nuna mini garkunan taurari da suka taru wuri guda, kowane garke da taurarin da ba sa ƙirguwa. Faɗan da na ƙunso tun Kano ya zube. Na ce, "Gobe ki faɗi wannan a shago, da Hausa."

Washegari da hantsi ta tsaya gaban ubanta, Hausa ta gudu ta bar ta. Sai ta ce, "Papa, ara mini zane." Ku sani, Yaya ba ya warware turmi sai an saya, ko matarsa ce. Ya miƙo ƙyalle, ta ce ya yi kaɗan. Ya dube ni, na ɗauke kai. Can ya jawo turmi mai tsada, ya ɓare takardar da hannunsa.

Muka ja kusurwa huɗu, ni da shi da ƙawata da telan maƙwabta. Ta ɗora ƙaton kwaɗon shago a tsakiya, zanen ya lotsa. Ta gangaro lemun tsami, ya yi ta kewaya kwaɗon har ya faɗa. Ta ce haka babban tauraro ke yi in wutarsa ta ƙare: ya fashe da haske mai tsanani, abin da ya rage ya danne sarari har ya zama rami.

Yaya ya karɓi lemun ya gangara da kansa, ya sake. Wani abokin sallarsa ya leƙo yana tambayar wasan me ake yi.

Yaya ya ce, "Ba wasa ba ne, Alhaji. Riƙe nan in nuna maka ikon Allah."

Ya yi bayanin tsaf, har da gyara wa yarinyar Hausa. Sannan ya ninke zanen, ya ɗora mata a hannu. "Tafi da shi, can ma sai an nuna musu. Allah ya yi miki albarka." Ni dai kuka na yi, ban ɓoye ba.

Na dawo Kano da acheke a leda da farin ciki fal zuciya. Abin da na koyo shi ne Yaya bai taɓa ƙin karatun ba, tsoro yake 'yarsa ta tafi inda bakinsa ba zai iya bin ta ba. Jiya ya kira ni, wai lemun tsami ya ƙare a shagon.