Issoufou da Karan Dawarsa a Bakin Ramin Yashi

Kafin kamyon farko, babbar motar ɗaukar yashi, ya tsallake gada, Malam Issoufou ya riga ya isa ramin yashinsa, can cikin ƙorama a ƙetaren kogi, inda babu itacen da zai yi wa akuya inuwa. Shekara ashirin da shida ya yi yana wannan sammako daga unguwar Yantala ta Yamai. Ba ya tsayawa gaisuwa sai ya zagaye bakin ramin, kai a sunkuye kamar mai neman allura. Duk inda ya ga ƙasa ta tsage, sai ya cusa guntun karan dawa a tsagar har ya kama. Da rana ta take ya koma dubawa. In kara ya sulale ciki, to tsagar ta buɗe, bangon yashin yana shirin zubowa.

Mutumin nan bai iya zama ba. Ko shayi a tsaye yake sha. Matarsa Ramatou ta ce ta gaji da shimfiɗa masa tabarma.

Masu lodi kuwa sun sha yi masa tsiya. Inuwa ɗaya ce a wurin, gindin bangon nan mai sanyi, shi kuma ya hana. Ya kafa musu rumfar zana can nesa, suka sa mata suna tanda.

Abdulaye direba ne ya ba ni labarin wata ranar bazara. Zafi ya kai inda shebur ba ya taɓuwa, mutum bakwai suka saci jiki suka zauna gindin bango da kwanon dambu. Issoufou ya leƙo daga sama, ya ga kara uku sun ɓace. Ya gangaro da gudu ya ce su tashi, babu wanda ya motsa.

"Baba, don Allah bar mu mu ci," in ji Abdulaye. "Bangon ga ya girme mu."

Bai tsaya gardama ba. Ya sunkuci kwanon ya nufi rumfa, suka biyo shi suna gunaguni, wani har da tsaki. Ba su gama suɗe hannu ba bangon ya zubo. Kwana biyu aka yi ana tonon sheburansu.

Kai ne, Malam Issoufou, ka yarda a kira ka mai baƙin hali muddin kowa zai koma gida da ƙafarsa. Gidaje nawa ne a Yamai suka tashi da yashinka, masu su ba su ko san sunanka ba? Wannan yana ci mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A watan jiya Abdulaye ya nuna wa Malam Issoufou wata tsaga da ya tsallake da safe bai gani ba.

"Idon da ya wuce wagga, gobe mutum zai binne," in ji Issoufou.

Ranar ya bar aiki, ba wanda ya kore shi. Yanzu yana gida, yana kai da kawowa a tsakar gida, hankalinsa na ƙetaren kogi.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutun da ka ƙi ba kanka. Ku kuma masu ramuka, ku je Yantala ku koya tun yana iya nuna muku. Mutanen nan bakwai, biyar daga cikinsu an yi musu haihuwa bayan ranar, ƴaƴan kuma duk sun san ubanninsu.