Matar Malam da Malafa a Tsakar Gida

Har gobe ban manta da ranar da Saude ta yaye mayafi a gabana ba, a ɗan asibitinmu na Ajingi. Lokacin ni ce ke riƙe da ɓangaren mata, wato duk mai ciki ko mai jego ta hannuna take bi kafin ta ga likita. Kumatunta da goshinta sun yi dabbare-dabbare da baƙin tabon nan da ke fito wa mata lokacin goyon ciki, wanda muke kira melasma. Ta riga ta lafta wa fuskar man bilicin na kasuwa, fatar ta yi ja tana raɗaɗi.

Ƙa'idarmu ita ce a fara dakatar da man bilicin, a tura mace wajen likitan fata a Kano ya rubuta maganin shafawa, mu kuma mu riƙa bibiya. Na ja mata kunne cewa rana ce babbar mai rura wannan tabo. Ta yi dariya ta ce, "Wace rana, Sista? Ni matar malam ce, ko zaure ba na leƙawa."

Aka kwashe watanni tana shafa maganin likita, amma tabon na nan yadda yake. Ta dawo ranta a ɓace. "Wallahi na gaji, Sista. Ran kasuwa zan aika a sayo mini tsohon maina, ko banza shi yana haskawa." Na san in ta koma masa fatar nan za ta lalace yadda ba mu da abin yi. Na roƙe ta ta yi haƙuri in zo gidanta tukuna.

Washegari na hau babur sai ƙauyensu, Gafasa. Ina sallama na tarar da ita a tsakar gida, rana ta take, ta sunkuya kan kasko tana tuyar ƙuliƙuli, wuta ta ƙasa, rana ta sama. Ban san lokacin da na tafa hannu don murna ba!

Na ce, "Saude! Wannan da ke bisa kanki fitila ce?"

Ta ɗaga kai ta ce, "To ai cikin gida ne."

A wurinta, wanda bai fita waje ba bai shiga rana ba. Nan take na sa aka kira maigidan. Na ce a yi wa murhun rumfa, tuya ta koma da sassafe, kuma ya ara mata malafarsa ta gona. Ya shafa gemu ya ce, "Malafa a kan mace? Sai dai in magani ce."

Na ce, "Magani ce, Allah gafarta malam."

Bayan kaka sai ga Saude ta shigo tana washe baki. Tabon bai ɓace duka ba, dama ba kasafai yake ɓacewa ba, amma ya dushe, fatar ta kwanta lumui. Ta ce man bilicin kuwa tuni ta wurga shi masai. Wallahi guɗa na rangaɗa a tsakiyar asibiti, har shugabanmu ya leƙo yana tambayar wa ta haihu.

Don haka ku da kuke tasowa a aikin nan, mutanenmu ba ƙarya suke mana ba, abin da aka tambaye su suke amsawa. In magani ya ƙi ci, kafin ku canza shi, ku je ku ga inda mace take wuni.