Tarihin Hamon Kurege, Bawan Gandun da Ya Fanshi Kansa da Ganye

Haihuwa da asali

An haifi Hamon a shekarar 1324 Miladiyya a ƙauyen Ulsby da ke lardin York, arewacin Ingila. Sunan mahaifinsa Gervase, mahaifiyarsa kuma Idonea, dukkansu bayin gandu. Mutanen Ulsby suna da 'yan gonakin sha'ir da wake da shanun huɗa, amma ba su mallaki ƙafafunsu ba. Kwana uku a kowane mako na gandun ubangida ne, ba mai ƙaura ko aurar da 'yarsa sai da izini, kuma idan magidanci ya rasu, al'ada ta ba sarkin gandu, wakilin ubangida, ikon shiga gidan ya zaɓi dabba mafi kyau ya kora.

Ƙuruciya da tarbiyya

Hamon bai yi karatun takarda ba, in ban da addu'o'in da ya haddace a wurin limamin coci. A shekarar 1334 aka tura shi kan tudu wajen kawunsa Odo, makiyayin tumakin ubangida, kuma a can ya sami ilimin da ya zama silar 'yancinsa. Kawun ya nuna masa cewa bishiyar holin, wadda ba ta kaɗe ganye ko a tsakiyar hunturu, ganyenta na ƙasa ne kaɗai mai ƙaya, na ƙololuwa mai laushi ne, dabba tana ci ta rayu. Ya ƙware a hawa har aka laƙaba masa Kurege. Mutanen kwari kuwa ba su san wannan kiwo ba, domin kurmin holin na Ulsby na barewar ubangida ne, haramun ne a sa masa gatari.

Aure na farko da zuwan annoba

A shekarar 1345 ya dawo gida ya auri Sabina, suka haifi Avice bayan shekara guda. A watan Yulin 1349, daidai lokacin yankan ingirici, annoba ta shiga ƙauyen. Mutum zai wayi gari da zazzaɓi da kaluluwa a hammata, kafin kwana biyar an kai shi makwanci. Cikin mako tara ta ɗauke fiye da rabin jama'a, ciki har da Gervase da Idonea da Sabina da limamin kansa.

Sarkin gandu Ralf, mutum mai kiyaye ƙa'ida, bai sassauta al'ada ko sau ɗaya ba. Uba ya mutu, Ralf ya kori bijimi. Ɗan da ya gaje shi ya bi shi bayan mako guda, Ralf ya dawo ya kori saniya. Zuwa watan Nuwamba ya tara shanu hamsin da uku a garke, sannan ya waiga ya ga ba a yanka ingirici ba, babu gishirin adana nama, babu mai saye, ga ƙanƙara tana tafe.

Yarjejeniyar hunturu

A ranar sha ɗaya ga Nuwamba Hamon ya je gaban Ralf ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, shanun nan ba za su ga Kirsimeti ba."

"Na sani! Jaje ka zo yi mini, ɗan Gervase?"

"A buɗe mini kurmi, in kai maka arba'in da rai zuwa sabuwar ciyawa."

"Da ƙaya? Kai, Kurege, saniya ka ɗauka akuya ce? To me kake so?"

"Takardar 'yanci da hatimi. Ni da Avice da duk wanda zan haifa."

Ralf ya amince bisa sharaɗi, a gaban shaidu: idan shanun suka gaza arba'in ranar ashirin da biyar ga Maris, Hamon ya rasa gonar ubansa, Avice kuma ta girma tana bauta a madafin ubangida.

Tun daga ranar ya shiga hawa, safe da yamma, yana saro rassan ƙololuwa yana jan su a kan ƙanƙara. Shanun suka shaƙa, suka yi jim, sannan suka kama ci! Raunana bakwai sun mutu kafin ƙarshen Janairu, sauran suka tsaya da ƙafafunsu. Sai dai a tsakiyar Fabrairu reshe ya karye da shi, ya faɗo ya karya cinya, saura mako biyar.

Kwana biyu garke yana kuka. A rana ta uku Emmot, wadda annoba ta kashe wa miji, ta shigo bukkarsa riƙe da gatari.

"Ashe kurege ma yana faɗowa? Nuna mini inda ake sara."

"Ke, Emmot, mace a kan bishiya?"

"Jar saniyar can ni na raine ta tun tana maraƙa. An ƙwace ta, amma ba zan ji tana kuka in zauna ba. Yi magana, malam, rana na tafiya."

Mata shida suka bi ta, kowace da dabbar gidanta a garken. Suka ɗauki Hamon a kan ƙyaure zuwa kurmi, yana kwance yana nuna musu rassa, suna sama suna yi masa tsiya. Ranar wa'adi aka fito da shanun ɗaya bayan ɗaya, ramammu, suna tangaɗi, mata suna kiran kowace da sunanta. Da ta arba'in ta wuce, ƙauye ya kaure da sowa har ba a ji ƙirgen sauran shidan ba. A watan Mayun 1350 takardar 'yanci ta iso da hatimin ubangida.

Aure na biyu da zuri'a

A shekarar 1351 ya auri Emmot, kuma da yake ɗa yana bin matsayin ubansa, duk 'ya'yansu 'yantattu aka haife su. Saboda ƙarancin manoma ya karɓi gonaki uku da suka rasa magada, ya kafa garken kansa. Annoba ta dawo a 1361 ta ɗauke musu yara biyu, Gervase ƙarami da Sabina ƙarama.

Shekarun ƙarshe da rasuwa

Cinyar ba ta ɗoru daidai ba, don haka mutumin da ya sami ikon zuwa ko'ina bai taɓa wuce kasuwar maƙwabta ba. Ya rasu ranar uku ga Oktoban 1381 yana da shekara hamsin da bakwai, bayan gajeriyar jinya, aka binne shi a harabar cocin Ulsby kusa da Emmot, wadda ta riga shi da shekara biyu. Ya bar 'ya'ya huɗu: Avice, matar masaƙi a Beverley, Odo, wanda ya gaji gona, Piers, magini a York, da autarsa Sibil, 'yar shekara goma.

Washegarin jana'iza Avice ta tafi da Sibil. Da suka iso gadar iyakar ƙauye, inda ƙawayenta 'ya'yan bayi suke juyawa, yarinyar ta ja ta tsaya.

"Yaya, wa za mu gaya wa?"

"Mu gaya wa wa, sarkin tsoro? Ɗaga ƙafa, hanya da nisa."

A kan gadar nan Sibil ta gane cewa babu wanda za ta nemi izininsa.