Tarwada a Cikin Ruwan Gishiri

Ni maɗinki ne, haifaffen Kazaure, kuma duk babban ruwan da na sani tun ina yaro bai wuce dam ɗin garinmu ba. Ban taɓa ganin kifin teku da rai ba sai shekarar da na je Legas sayen keken surfani. A ofishin mai sayar da kekunan aka ce in zauna in jira, sai na ga wani akwatin gilashi a jikin bango cike da ruwa garai-garai, 'yan kifaye suna ta kai-komo a ciki. Akwai shuɗi kamar an tsoma shi a baban rini, akwai rawaya, akwai wasu biyu masu ruwan lemo da fararen ɗamaru, kowace ɗamara an bi gefenta da baƙin layi siriri kamar aikin allura. Na yi shekaru ina haɗa zare da zare, amma ban taɓa ganin haɗin launi irin wannan ba. Har aka yi ta kirana ban ji ba.

Na dawo gida da keke, da kuma lambar wani mai sayar da kayan kifin ado. Shi ya riƙa koya mini ta waya, don ban san komai ba. Ya ce in manta da gishirin miya, akwai gishiri na musamman da ake haɗa ruwan teku da shi. Ya ce in manta da ruwan rijiya da na burtsatse, sai tataccen ruwa. Ya aiko mini da ɗan ma'aunin da ake ɗiga ruwa a kai a leƙa a ga yawan gishirin, da yashi fari, da duwatsu masu ramuka, da ƙaramin injin da ke juya ruwa. Abin da ya fi ja mini kunne a kai shi ne haƙuri. Wai sai an bar ruwan makonni babu kifi ko ɗaya, har wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su zauna a jikin duwatsun, su ne masu cinye ƙazantar kifi. Wanda ya yi gaggawa, gawa zai kwasa.

Haka na kafa akwatin a falona, na ƙara batir a sola saboda injin, na zauna ina gadin ruwa. Maiɗakina ta kan leƙo ta ce, "Malam, yau ma lafiya ruwan ya kwana?" In ce lafiya ƙalau.

Wanda ya fi kowa samun abin dariya shi ne taubashina, ɗan gwaggona. Tare muka taso, kuma tun muna yara kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa. Shi kiwon tarwada yake yi a tafkunan siminti can wajen dam, kuma a ganinsa duk wani abu mai ƙaya da wutsiya a ƙasar Kazaure sai da izininsa yake iyo. Ya zo ya tsaya a gaban akwatin, ya riƙe ƙugu.

"Bawana, mutane na kiwon kifi, kai kana kiwon ruwa?"

Na ce kifin na nan tafe.

"Na miya ne ko na banda?"

"Na kallo ne."

Ya yi dariya har da dafa bango. Kafin magariba duk majalisarmu ta ƙofar shago ta ji cewa maɗinki ya sayi ruwa yana ba shi wuta.

Da lokaci ya yi na je Kano na karɓo kwalin da aka sako a jirgi. Kifi biyu ne kawai a cikin leda mai iska, irin masu ruwan lemon nan. Na rungumo kwalin a cinyata har Kazaure, ina roƙon direba ya bi ramuka a hankali. Da na sake su, suka ɓuya bayan dutse, sai washegari suka fito suna wani irin iyo na rangaji, kamar masu jin kiɗa. Lokacin bazara ne, zafi kuwa na kashe su, don haka na ɗora ƙaramar fanka a bakin akwatin, da rana in jefa gorar ƙanƙara a ciki. Ruwa ya kan ragu kullum, in cika da tataccen ruwa zalla, don na koyi cewa ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan. Babbar 'yata ta koya musu cin abinci daga yatsanta. Ni kuwa in na gaji da ƙarar keke, nan nake zuwa in zauna, zuciyata ta yi sanyi.

Ana haka aka yi wa maiɗakina rasuwa a Kanya Babba, ƙanin mahaifinta. Dole mu tafi gaba ɗaya mu yi zaman makoki. Na rasa wanda zan bar wa kifin, sai na ce ai duk iskancin taubashi, ya san kifi. Na kai masa makulli da 'yar robar abinci, na ce ɗan kaɗan sau ɗaya a rana, kada ya taɓa komai. Ya ce, "Je ka abinka, 'ya'yanka suna hannu."

Ranar da muka dawo, tun daga zaure wari ya tare mu. Na buɗe falo. Ruwan ya koma kamar kunu, dutse ɗaya ya faɗi ya jingina da gilashi, ga wata ƙatuwar tarwada a sama ta kumbura, cikinta fari fat. Tarwada ba ta rayuwa a ruwan gishiri. Ta yi ta buge-buge har ta mutu, ta ruɓe a cikin zafin nan, ta mai da ruwan guba. Ɗaya daga cikin kifina na manne a bakin injin, ɗayan na kwance a kan yashi, launinsa ya koɗe kamar tsohon yadi. 'Yata ta fashe da kuka. Na kwashe su da hannuna, na fita bayan gida na binne.

A majalisa na sami taubashin nawa. Yana ganina ya fara ƙyaƙyatawa.

"Na ga gidan ya yi musu girma, shi ne na kai musu baƙo. Kifi na gaske, su ga yadda ake zama kifi!"

Aka kwashe da dariya, har da waɗanda nake ɗinka wa kayan Sallah. Na kai ƙara wurin mahaifiyata, ta ce, "Haba, a kan kifi? Taubashinka ne, wasan taubashi ba a kai shi gaban alƙali." Gwaggo kuwa da ta ji, dariya ta yi har da hawaye, ta ce tun yana ƙarami haka yake. Ba wanda ya ce masa ka yi laifi, shi ma bai taɓa cewa yi haƙuri ba. A ranar na ƙudura a raina cewa sai na rama, kuma da irin wasan da ba a kai shi gaban alƙali zan rama.

Na wanke akwatin, na shanya duwatsun, na sake haɗa ruwa, na sake zaman jira. Na ci gaba da gaisawa da shi, ina dariya in ya yi ba'a, ina zuba masa shayi in ya zo shago. Na samo wasu kifin, wannan karon har da shuɗi ɗaya, na sauya makullin falo. Sannu a hankali labari ya bazu. Malaman makaranta suka fara roƙon in bar su su kawo ɗalibai, matan unguwa suna shigowa wurin maiɗakina da sunan gaisuwa, har daga Roni wani ya zo da iyalinsa don kallo kawai. Ba'ar taubashi ta fara raguwa. In ya shigo, sai in ga yana ƙirga mutanen da ke tsaye da ido.

Bayan damina biyu ya gina wurin sayar da farfesun kifi a bakin titin Daura. Wata rana ya zo ya ja ni a kan babur, wai in zo in ga abu. A tsakiyar wurin ya kafa akwatin gilashi wanda ya ninka nawa sau uku. Ya ce kifin teku zai zuba, masu yawa, kala-kala, don duk matafiyin da ya tsaya ya kasa tafiya. Na duba gefe na ga buhun gishirin miya an farke bakinsa, ga tiyo an jawo daga tankin burtsatse. Babu ma'auni, babu dutse, sai furannin roba. Na tambaye shi yaushe kifin za su iso. Ya ce jajibirin buɗewa, a zuba su da yamma, da safe a yi taro.

"Mai sayarwar bai ce maka komai ba?"

"Ya so ya ɗora mini wani gishiri na banza da wasu duwatsu. Na ce masa ni da kifi tun kafin a yaye shi. Gishiri ai gishiri ne. Ko ya ka gani, bawana?"

Duk abin da ya kamata in faɗa yana kan harshena. Na tuna da hannuna a cikin ruwan nan mai wari. Na ce, "Ni wa, da zan koya wa sarkin ruwa iyo? Kai za a tambaya."

Ya ji daɗi, ya bugi kafaɗata. Daga nan na shiga ba shi shawara da zuciya ɗaya. Na ce abu irin wannan ba a barin kowa ya gani a tsaitsaye, a rufe shi da ƙyalle tun da yamma, kada ko ma'aikatansa su leƙa, sai baƙi sun cika sannan ya yaye da hannunsa. Na ce ya gayyato surukansa na Gwiwa, su ga inda 'yarsu take aure. Ƙyallen ma na ce ni zan ɗinka, gudummawata ke nan. Na zaɓi yadi mai kauri, kore shar, na zauna na yi masa surfanin kifaye da zaren zinariya a gefe huɗu. Ban taɓa yi wa ango aiki da natsuwa irin wannan ba. Na bi 'yan majalisarmu ɗaya bayan ɗaya na ce kada wanda ya makara.

Ranar buɗewa na sa farar shaddata, na zauna a layin gaba. Surukai sun zo mota guda, dattawa da rawunansu. Aka yi addu'a, aka raba goro. Taubashi ya tashi ya yi jawabi, ya ce yau Kazaure za ta ga abin da sai a bakin teku, ba irin 'yan ƙwayoyin da wasu ke ɓoyewa a falo ba. Ya kalle ni, aka yi dariya, ni ma na yi. Sannan ya kama gefen ƙyallen ya fizge.

Ruwan ya yi fari kamar an wanke shinkafa. Kifin suna sama reras, ciki a sama, shuɗi da rawaya da mai zane-zane, suna juyawa a hankali inda iska ke bubbugowa. Wani dattijo daga cikin surukan ya ce, "Innalillahi." Taubashi ya tsaya da ƙyalle a hannu, bakinsa a buɗe.

Na miƙe, na gyara hulata, na ɗaga murya yadda na ƙarshen rumfa zai ji.

"Bawana, waɗannan su ne na farfesun, ko na farfesun suna kicin?"

Wani ɗan majalisa ya fara tuntsirewa, sai wurin ya ɓarke gaba ɗaya. Har surukan sai da suka riƙa rufe baki da gefen rawani. Na daɗe ban ji abu ya yi mini daɗi kamar dariyar nan ba, na tsaya na sha ta har ƙarshe.

Da mutane suka koma kan abinci, na matsa kusa da gilashin. A can ƙasa, bayan furen roba, akwai wani ɗan rawaya yana numfashi da ƙyar. Na karɓi bokiti na kamo shi, ba wanda ya hana ni. A gida na riƙa ɗiga masa ruwan akwatina kaɗan-kaɗan har jikinsa ya karɓa. Ya rayu, yana nan har yau, shi ne ma mafi faɗa a cikinsu.

Da yamma gwaggo ta aiko a kira ni. Na same ta a kan tabarma, fuska a murtuke, mahaifiyata na gefe.

"An ce ka san za su mutu."

"Na sani, Gwaggo."

"Ka kuma yi shiru? Ka bar ɗan'uwanka ya ji kunya gaban surukansa?"

Na durƙusa sosai, na sunkuyar da kai, na ce, "Allah ya huci zuciyarki, Gwaggo. Wasa ne irin namu."

Mahaifiyata ta juyar da fuska wajen bango, amma na ga kafaɗunta suna rawa.

Taubashi ya yi watanni ba ya bi ta ƙofar shagona. Farfesunsa dai na tafiya, don ya iya, sai dai har yanzu masu tsayawa kan tambayi yaran wurin ko na yau na teku ne. Akwatin kuwa ya sayar wa wani mai burodi a Yankwashi, ya kwantar da shi a kan tebur yana jera burodi a ciki saboda ƙuda. Burodin ba wani daɗi gare shi ba, yisti ya yi masa yawa. Amma duk ranar da hanya ta bi da ni ta can, sai na sa mai babur ya tsaya na sayi guda biyu.