Motar Maliki Ta Koyi Tsayuwa

Maliki taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, don haka duk abin da na rubuta a kansa ba shi da inda zai kai ƙara. A Tibiri aka haife shi, da kai kamar tulu, kuma taurin kan nan har gobe yana nan. Tare aka sa mu lakkwal, wato makarantar boko. Ni na daure har aji huɗu, shi kuwa a aji biyu ya ce wa malam ya gane komai, ya tafi ya kama amalanken jaki. Daga jaki ya hau kabu-kabu, ya yi shekara bakwai yana tsorata mutanen Maraɗi, sannan ya sayi wata farar a-kori-kura wadda na tabbata ta girmi kakarmu.

Da motar nan yake ci da gidansa. Kowace Litinin da Juma'a yana zuwa Jiratawa ya kwaso buhunan zogalen wata ƙungiyar mata ya kawo kasuwa. Shekara tara ke nan. Shugabarsu Inna Ladi ce, ƴar guntuwar tsohuwa wadda in ta yi tsawa har kwaɗin fadama shiru suke.

Birkin hannun motar kuwa ya daɗe da mutuwa. Abin da kowane direba ke yi shi ne ya sa dutse bayan taya, to amma Jiratawa laka ce da yashi, dutse sai ka yi yawo. Sai Maliki ya samu ɓarin tsohon turmi, shi yake tokare taya da shi. Ran wata Litinin ya tsaya bisa gangaren bakin hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, ana lodi, wata mata ta ga turmi ta ce ga wurin zama. Ta janye ta zauna tana tsigar zogale. Mota ta duba hagu ta duba dama, ta ga babu mai riƙe da ita, ta bi gangare da baya, ta ratsa kunyoyin tumatir, ta zauna cikin ruwa da buhu goma sha ɗaya. Allah ya tsare, ba ta taka kowa ba.

Inna Ladi ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba kowa tsoro ke nan.

"Maliki, ran Juma'a ka tsai da ita nan, wurin nan, da kaya, ba turmi ba dutse. In ta motsa, mun ba masu keke mai ƙafa uku kayanmu. Sun daɗe suna roƙo."

Ran Talata na raka shi garejin Ya'u a Sabon Gari, don in ga ƙarshen abin. Ya'u ko leƙawa bai yi ba.

"Birkin hannu? Wa ka gani da shi garin nan? Nemi wani turmin."

"Turmi ya kashe ni," in ji Maliki. "Ara mani jak da sifana."

"Kai za ka gyara?"

Na ce, "Bar shi, Ya'u, ai ya gane komai tun aji biyu."

"Rufa mani baki, bawa. Ɗauko jak ɗin."

Ƙarƙashin dogonyaron ƙofar gidansa a unguwar Zariya ya kafa nasa garejin. Ya sa ni na zauna ciki na ja sandar birkin ina ƙirga ƙarar. Ƙas, ƙas, ƙas, har goma sha huɗu, ta kusa huda rufin mota. Ya ce wayar birkin ce ta saki, ya shige ƙasa ya ɗaure notin da ke jan ta har sandar ta dawo tana tsayawa a shida. Muka ja birkin, muka tura motar. Ta tafi sumul kamar an kira ta cin tuwo.

Wani da nan zai haƙura. Maliki ya ɗaga bayan motar, ya ce in ja birki in riƙe. Ya murza tayar hagu, ta ɗan cije. Ya murza ta dama, ta yi ta juyawa kamar fanka.

"Ɓarawon yana nan ciki," ya ce.

Ran Laraba ya cire tayar. Bayanta akwai wani kwanon ƙarfe da makanikai ke kira tambur, cikinsa takalman birki suke, su ne ke buɗewa su riƙe shi in an ja sanda. Kwanon ya ƙi fita. Ya buga da guduma tun hantsi har azahar, ya bugi babban yatsansa sau biyu, ni kuma ina yi masa sannu ina dariya. Da kwanon ya fito, sai ga cikinsa cike da wani baƙin abu mai danƙo, ya haɗu da yashi ya daskare. Matarsa Hidaya, wadda sana'arta ƙuli-ƙuli, ta kawo mana ruwa, ta tsaya, ta shinshina.

"Malam, wannan ai man gyaɗata ne."

Maliki ya yi kamar yana neman sifana.

"Ashe kai ne! Ni ina ta zargin kwalba tana yoyo!"

Nan asiri ya tonu. Tun zamanin amalanke, in ƙafa ta yi ƙiiii, man gyaɗa yake ɗiga mata ta yi shiru. Da tayar motar nan ta fara kuka sai ya yi mata irin maganin jaki, ta wata ƴar kafa a bayan kwanon, kusan kowane mako. Har cikin kuben wayar ya ɗura. Takalma sun sha mai sun ƙoshi, ba abin da za su riƙe, ashe birkin ƙafa ma da taya uku yake aiki.

Na ce, "Ƙara gishiri da yaji mu ci."

Ya wanke kwanon da fetur. Takalman kuwa wani maƙwabci ya ce a gasa su mai ya tsatso, ya gasa su bisa murhun Hidaya, unguwa duka ta ɗauki ƙamshin suya. Ya mayar, muka gwada. Ta riƙe kaɗan, na jingina da ita, ta tafi. Ya sake kwancewa. Ran Alhamis ya zaga masu kayan gyara shago bakwai da tsohon takalmi a hannu har ya samu irinsa. Wayar kuma ya rataye ta a reshen dogonyaro yana ɗura mata fetur ta sama, yana ja yana saki, baƙin ruwa na ɗiga, sai da ta koma tana zamewa. La'asar ya haɗa komai. Hannunsa duk ya tsage, abinci ma a tsaye ya ci.

Ran Juma'a mata sun cika gangaren, har da masu keken su biyu sun zo kallo. Maliki ya tsaya daidai wurin, ya ja sanda, ƙas biyar, ya fitar da giya, ya fito. Aka loda buhu goma sha biyar. Mota ba ta motsa ba. Ni dai na hau tudu, don ina da iyali.

Inna Ladi ta zagaya motar ta leƙa kowace taya.

"Laka ce ta riƙe ta. Yau ƙasa da danshi."

"Inna, ku tura."

Mata shida suka tura, ta tsaya.

"Ba su ci abinci ba," in ji ta. "Ja mu gani dai."

Ran Maliki ya ɓaci. Ya shiga ya tayar, ya sa giya, ya taka. Mota ta yi gurnani, ta girgiza, ta mutu nan inda take. Ya sake, ta sake mutuwa. Mutumin da ya shekara da shekaru bai saki birkin hannu ba, ina zai tuna ana saki? Masu keke suka fashe da dariya. Inna Ladi ta leƙa ta taga, ta ga sandar tsaye ƙiƙam.

"To, yanzu na yarda. Abin da ya hana mai ita tafiya zai hana ta." Ta juya wajen masu keken. "Ku kuma mi kuke jira? Ba kaya."

Ta buɗe ƙofa ta zauna gaba, wurin da na zo a ciki, ta ce ya sauke sandarsa kada zogale ya yi yaushi. Ni bisa buhu na dawo Maraɗi.